Nutso a tsibiran Maldibs: Baa, Addu ko Fuvahmulah?

Abban Nana: Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa Maldibs. Hutuna zai faɗo watan Agusta in Allah ya kai mu, ni da uwargida muke son zuwa, amma ba irin zuwan nan na kwanciya a ɗakin kan ruwa ana ɗaukar hoto ba, ni abin da ke raina shi ne in shiga ƙarƙashin ruwa in ga halittun Allah da idona, kuma can nesa inda ba cunkoso. Na ga ana ta maganar wani tsibiri wai shi Fuvahmulah da ake nutso da manyan shak. Na iya iyo daidai gwargwado a fulin otal, ita kuwa madam ko a kwami ba ta yarda ruwa ya wuce mata gwiwa. Ina ya kamata mu nufa?

Basakkwace: Wa alaikumus salam. Yanzu kai Abban Nana duk faɗin duniyar ga ka rasa inda za ka kai ɗiyar mutane sai wurin kifin da ka cin mutane? Mi tai maka? 😂

Abban Nana: Hhhh ita a jirgi za ta zauna tana mini addu'a

Injiniya Fatakwal: Wslm. Abban Nana tambaya ɗaya kafin komai, kana da katin nutso? Ina nufin shaidar da ake ba mutum bayan ya yi kwas, na ƙungiyoyin koyar da nutso irin PADI ko SSI. In babu to ka ajiye maganar Fuvahmulah tukuna, ba don shak ɗin ba ma, don yanayin wajen. Shi tsibiri ne guda ɗaya tal a tsakiyar teku, ba shi da tafkin nan na ciki mai kwanciyar ruwa da sauran suke da shi, kana barin bakin tashar jiragen ruwa ka faɗa buɗaɗɗiyar teku ke nan, ƙasa ta zarce can ba ka ganin ƙarshenta, ga jan ruwa mai ƙarfi, wanda bai saba daidaita kansa a ruwa ba zai wahala ya kuma wahalar da 'yan ayarinsa. Ko bakin ruwansu da ake yawan ɗauka a hoto, Thoondu, mai fararen tsakuwoyi masu santsi, igiyar wajen ba ta wasa ba ce, 'yan garin da kansu za su ce maka kar ka shiga.

Abban Nana: Gaskiya ba ni da kati Injiniya. Ashe har sai da lasisi kamar tuƙin mota

Injiniya Fatakwal: Sosai ma. Matakin farko shi ne Open Water, kwana 3 zuwa 4 ake yi, akwai karatu akwai horo a ruwa mara zurfi sannan nutso 4 a teku, in ka gama an yarda ka sauka har mita 18. Kafin su ba ka sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ka tsaya a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba, to ka auna kanka da wannan tun a gida. Na gaba da shi Advanced shi ke kai mutum mita 30, kuma a Maldibs dokarsu ma iyakarta ke nan, ba a wuce mita 30 a nutson shaƙatawa. Akwai kuma na ɗanɗano wanda malami zai riƙe ka ku sauka tare, ba ya wuce mita 12, shi ba a ba da kati amma za ka san ko abin ya karɓe ka.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri na katse ku, ni har yanzu ban gane bambancin tsibiri da wannan atol ɗin da ake ta rubutawa a tallar ba, duk ba ƙasa ce a tsakiyar ruwa ba?

Malamin Tarihi: Maman Ilham ki ɗauki ƙwarya ki nutsa ta a ruwa har ya zama bakinta kaɗai ke leƙowa, to haka siffar take. Zobe ne na murjani, ƙananan tsibirai jere a kan bakin zoben, tsakiya tafki ne mai ɗan sauƙin zurfi, waje kuma teku ce mai zurfin gaske. Akwai ƙofofi a jikin zoben da ruwa ke shiga yana fita in teku ta cika ko ta janye, a nan kifi ke taruwa. Bayanin da aka fi sani shi ne na Darwin tun 1842, cewa dutse ne mai aman wuta yake nutsewa a hankali murjanin da ya kewaye shi yana ta girma sama don ya riski haske, har dutsen ya ɓace zoben ya rage. Maldibs tana da irin wannan zobe 26, tsibiran sun kusa 1,200, amma waɗanda 'yan ƙasa ke zaune ciki ba su kai 200 ba.

Hajiya Turai: Abban Nana tunda ka ce Agusta ni banga abin dogon tunani ba, atol ɗin Baa za ku je. Lokacin damina ne a can, iskar kudu maso yamma ke kaɗawa daga wajen Mayu zuwa Nuwamba, kuma ita ce ke turo ƙananan halittun nan na ruwa da manta, wani ƙaton kifi mai faɗi da fiffike, ke ci ta cusa su cikin wani ɗan lungu da ake kira Hanifaru. Abin da zai maka daɗi kuma, a Hanifaru an hana nutso da tukunyar iska gaba ɗaya, kowa a saman ruwa yake da gilashin fuska da bututun numfashi, don haka da mai kati da mara kati duk ɗaya ne, har madam in ta sa rigar ruwa ta riƙe tayar da jagora ke ja za ta gani. Daga Male, babban birnin ƙasar, jirgin sama ne na cikin gida zuwa Dharavandhoo, bai kai minti 30 ba, tsibirin mutanen gari ne mai masallaci da shaguna da gidajen baƙi, daga nan zuwa Hanifaru 'yan mintuna ne a jirgin ruwa.

Bari in gaya maka yadda abin yake. Kuna zaune kuna shan shayi sai a bugo wa mai masauki waya wai sun shigo, kowa ya zari kayansa a guje, in kun isa akwai masu gadin wajen, su ke ƙayyade yawan mutane, minti 45 ake ba kowane ayari. Ruwan ba garau yake ba saboda abincin nasu ne ya cika shi, to da farko ba ka ganin komai sai kore-kore, can sai ka ga wani baƙin abu ya taso daga ƙasa baki a buɗe, faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike ya kai mita 3 ko fiye, ya nufo ka gadan-gadan har ka sadaƙar, sai ya kife ya nuna maka farin cikinsa mai ɗigo-ɗigo ya wuce ta ƙarƙashinka ko taɓa ka bai yi ba. Wani yana ta wuntsila gudidi a waje ɗaya yana ci. Ba su da ƙari ba sa cizo. Ni dai salati na dinga yi a cikin bututun ruwa na shiga mini baki.

Maman Ilham: Hajiya tsigar jikina har ta tashi wlh

Hajiya Turai: Gani ya kori ji ƙanwata. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kullum suke zuwa ba, ana iya yin kwanaki ba ko ɗaya, shi ya sa masu wajen ke cewa a daidaita zuwa da tsayuwar wata ko cikarsa, lokacin ruwa ya fi motsi. Kar ku ba wa wajen kwana 2 ku ce an cuce ku. Kuma damina ce, za a yi ruwa za a yi iska, wata rana jirgi ba zai fita ba sam.

Injiniya Fatakwal: Na yarda da Hajiya a kan Agusta, amma Abban Nana ya ce nesa yake so inda ba cunkoso, Hanifaru kuwa a lokacinta jirage ne daga kowane rizot, wato manyan otal-otal na shaƙatawa. Tun da UNESCO ta sa Baa cikin wuraren da ake karewa a 2011 sunan wajen ya fita duniya. In nesa ake nema da gaske to Addu ce, ƙarshen ƙasar ta kudu, sama da kilomita 500 daga Male, sai ka tsallaka layin ikwaita kafin ka sauka a Gan, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a jirgin Maldivian. Gan ɗin sansanin sojan saman Ingila ne har 1976, shi ya sa za ka ga tsofaffin gine-ginensu da manyan bishiyoyi a jere, kuma akwai titi da ya haɗe Gan da Feydhoo da Maradhoo da Hithadhoo, ka hau keke ka yi ta tafiya teku hagu teku dama, abin da ba ka samu a sauran wuraren da in ka zaga tsibiri sau ɗaya ka gama. Manta na wajen ba su da kaka, duk shekara ana ganinsu a ƙofar Maa Kandu inda suke zuwa ƙananan kifaye na share musu jiki. Akwai kuma jirgin dakon mai na Ingila, British Loyalty, da aka harba a 1944 aka ƙarasa nutsar da shi cikin tafkin a 1946, yana kwance a gefensa murjani ya lulluɓe shi. Amma ka ga duk waɗannan na masu tukunya ne, shi ya sa na fara da maganar kati.

Abban Nana: To in na yi kwas ɗin a Addu fa? In jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya

Injiniya Fatakwal: Zai yiwu, akwai makarantun nutso a can kuma cikin tafkin ruwa a kwance yake. Sai dai jirgin da ya nutse ƙasansa ya kai wajen mita 30, da katin farko samansa kawai za ka leƙa. Ka yi karatun ta intanet tun kana Kano, kar ka je kana biyan kuɗin ɗaki da dala kana zaune kana kallon bidiyon darasi.

Dokta: Salam. Kafin a yi nisa a zaɓen tsibiri bari in sa baki ta ɓangarena, don akwai abin da ya shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta yawancin bayanan nan. Mai sikila, SS ko SC, kar ya yi nutso da tukunya, wannan ba abin jayayya ba ne. Mai AS ya ga likita ya faɗa masa gaskiyar abin da zai je yi. Haka mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mace mai ciki, ita kam a bari sai ta sauka. Za su ba ka fom na lafiya, dan Allah kar a yi halin namu na cike "a'a" daga sama har ƙasa don kar a hana mutum.

Dalili shi ne a mita 10 kacal nauyin da ke kanka ya ninka na saman ruwa sau 2. Kunne ne zai fara gaya maka, sai ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji ya buɗe, kana yi kana sauka, in ya ƙi ka ɗan hau sama ka sake, kar ka matsa. Mai mura ya haƙura ranar. Ba a riƙe numfashi ko kaɗan musamman wajen hawa, iskar da ke huhu faɗaɗa take yi. Ba a kuma fitowa da gudu, ana tsayawa a mita 5 na minti 3, saboda iskar naitirojin da ta shiga jini ta samu fita a hankali, in ba haka ba ta yi kumfa a gaɓoɓi ko laka. Wannan ne ma ya sa ba a hawa jirgin sama sai an yi awa 24 da nutson ƙarshe, kuma ku lura jirgin cikin gida daga Gan ko Dharavandhoo zuwa Male shi ma jirgi ne, da shi za a fara lissafi.

Injiniya Fatakwal: Dokta ya gama magana. Ƙari ɗaya, duk inda za ka yi nutso ka tambaye su ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa da ake sa wanda abin ya kama, kuma awa nawa ne zuwa can. Akwai ɗaya a Bandos kusa da Male. Nisan da kake nema shi ne kuma nisanka da magani, to ka sayi inshorar nutso irin ta DAN, inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar wannan.

Basakkwace: Kun gani ko? Ga kunne, ga huhu, ga laka, ga kifi mai haƙora. Ni Argungu ta ishe ni, in tsaya bisa tudu in kalli masu gora

Ɗan Maraɗi: Ina wuninku. Ni tambayata ta takardu ce, mu masu fasfon Nijar yaya? Kuma biye ta ina ya fi sauƙi?

Hajiya Turai: Ɗan Maraɗi biza a filin jirgi ake bugawa, kyauta, ta kwana 30, da mu da ku duk ɗaya. Abin da za su nema tikitin dawowa, shaidar ka kama ɗaki a masauki mai rajista, da katin rigakafin shawara tunda daga ƙasashenmu muka fito, wannan kar ka manta shi a gida. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin sauka, kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu, duk shafin da ya ce ka biya ba nasu ba ne. Ka buga komai a takarda ka riƙe, suna dubawa da kyau. Mu daga Abuja ta Doha muka bi da Qatar, akwai ta Dubai daga Legas, ku kuma ina ga Turkish daga Yamai ta Istanbul ya fi muku kusa. Suna gaban agogonmu da awa 4.

Ɗan Maraɗi: Madalla, karne na rigakafi ina da shi tun na Umara. Na gode Hajiya, Allah shi saka

Hajiya Turai: Amin. Sai maganar kuɗi, duk farashin da kuka gani a intanet ku tambaya da haraji ne ko babu. Akwai kashi 10 na hidima, akwai harajin baƙi da ya koma kashi 17 tun Yulin 2025, sannan harajin muhalli na kowane dare a kan kowane mutum, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi, 12 a rizot. In ka haɗa za ka ga ɗakin ya tashi da fiye da kwata. Gidajen baƙin nan ma sai 2009 aka yarda a buɗe su a tsibiran mutanen gari, kafin nan baƙo sai rizot, shi ya sa da can ake ganin wajen na masu hannu da shuni ne kaɗai.

Maman Ilham: Hajiya to mu mata fa, da me ake shiga ruwan? Ni wannan ne damuwata, da abinci

Hajiya Turai: Ki kwantar da hankalinki, ƙasar Musulmi ce gaba ɗaya. A tsibiran gari ba giya ba alade, ko kare babu, matan garin da kayansu suke shiga ruwa har da ɗankwali. Masu son tsiraici an ware musu lungunsu can gefe da shinge. Ki nemi rigar iyo mai dogon hannu da wando da hular da ke kama kai, kar ki shiga da hijabi mai yalwa ko abaya, in ya jiƙe nauyi yake yi ya nannaɗe ƙafa. Ki tambaya ko suna da jagora mace tun kafin ki biya, wasu suna da ita. Abinci kuwa kifin tuna ne safe rana dare. Karin kumallonsu mas huni, tuna da aka dagargaza da kwakwa da albasa da barkono da lemon tsami, a ci da wata siririyar gurasa wai ita roshi. Da rana garudhiya, romon kifi ne tsararo a zuba kan shinkafa. Yana da daɗi amma a kwana na huɗu za ki fara mafarkin miyar kuka, ki tafi da yajinki da kilishi ko dambun nama a rufe da kyau.

Abban Nana: Juma'a fa?

Hajiya Turai: Juma'a da Asabar ne hutunsu. Jiragen ruwan gwamnati masu araha ba sa aiki ran Juma'a, kar ka sa tafiya tsakanin tsibirai ranar. Shaguna kuma suna rufewa lokacin kowace sallah na ɗan lokaci. Shafi'awa ne, za ka ji 'yan bambance-bambance, ka bi liman kawai.

Malamin Tarihi: Tunda an zo nan bari in ɗan saka nawa. Abban Nana in ka taka yashin can ka sani akwai tsohuwar hulɗa tsakaninmu da su. Kuɗin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, farar ƙaramar nan, asalinta daga tsibiran nan take. Ganyen kwakwa suke shimfiɗawa a ruwa mara zurfi, halittar ta manne, a jawo a baza a rana naman ya ruɓe a wanke. Ibn Battuta ya yi alƙalanci a Male wajen 1343 zuwa 1344, ya ce a can wuri 400,000 ake bayarwa a dinari ɗaya, da ya zo Mali da Gao ya tarar 1,150 ne a dinari, ku dubi ribar da ke tsakani. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma abin baƙin ciki da shi aka sayi bayi masu yawa. Barth, Bajamushen matafiyin nan, da ya zo Kano a 1851 ya tarar wuri 2,500 ne a dala ɗaya ta azurfa. Abin da ya karya darajarsa shi ne wani iri mai araha da aka riƙa kwasowa daga Zanzibar. In kun samu awanni a Male ku leƙa tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, na shekarun 1650, da dutsen murjani aka gina shi an sassaƙa masa ado, yana kusa da kabarin da ake dangantawa da Abul Barakat wanda aka ce a hannunsa sarkinsu ya musulunta a 1153.

Basakkwace: To Abban Nana ka cika muna buhu guda, mu gani ko 'yan canji na amsa

Hajiya Turai: Kar ya soma 😂 murjani da ƙoƙon kunkuru an hana fita da su, kuma ƙwanson da ka gani a yashi sau da yawa akwai mai shi a ciki. Af, masu shan sigarin lantarki ma an hana shiga da shi tun ƙarshen 2024.

Ɗan Bor Sudan: Salamu alaikum ya jama'a, ina ta karatu ina jin zafi a raina. Mu nan muna da namu a Bahar Maliya, Sanganeb, kilomita 25 ne kawai daga gaɓa, zoben murjani da hasumiyar fitila a kansa, UNESCO ta sa shi a jerinta a 2016 tare da Dungonab. Ga Sha'ab Rumi inda Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya gina gidan ƙarƙashin ruwa a 1963 mutane suka zauna ciki, ragowarsa na nan. Ga jirgin Italiya Umbria da matuƙinsa ya nutsar da shi a 1940 cike da bamabamai don kar Ingilishi su ƙwace. Da Turawa jirgi-jirgi suke zuwa. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ba zan ce wa kowa ya zo yawon buɗe ido ba, ko Bor Sudan ɗin an kai mata hari da jirage marasa matuƙa a 2025. Ku dai sa mu a addu'a.

Dokta: Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗan'uwa, ya mayar da kowa gidansa.

Malamin Tarihi: Amin ya Rabbi.

Maman Ilham: Amin. Ni a talabijin na ga wani wai Aldabra mai manyan kunkuru, shi fa?

Injiniya Fatakwal: Wannan na Seshel ne, sama da kilomita 1,000 daga babban tsibirinsu, kunkurun sun kai 100,000, amma ba otal ba gari sai masu bincike, sai da izini kuma yawanci da jirgin ruwa mai tsadar gaske. Ga shi a 2023 sun tsaurara wa masu fasfon Najeriya. Ki ci gaba da kallonsa a talabijin ɗin.

Abban Nana: Injiniya ba ka ba mu labarin shak ɗin ba fa, ko ba zan je bana ba ina son ji

Injiniya Fatakwal: Hhh to. A bakin tashar jiragen Fuvahmulah ne, shekara da shekaru masunta na zubar da kai da hanjin tuna a wajen har shak mai zane irin na damisa ya saba. Ba zurfi, bai kai mita 10 ba. Za a jera ku a ƙasa kowa ya durƙusa ya kama dutse, jagorori a gaba da baya riƙe da sanduna, a ɓoye kawunan kifi cikin duwatsu. Sai ka ga ta fito daga shuɗin nan a hankali ba gaggawa, mita 3 zuwa 4, yawanci mata ne, ta wuce gabanka har kana ganin idonta yana juyawa yana bin ka. Ƙa'idar ita ce kar ka ba ta baya, kar ka miƙa hannu, kar ka tashi sai an ce. Ni ra'ayina a rabe yake a kan abin, a 2010 ƙasar ta hana kamun shak kuma yanzu mutanen garin na ci da shi a raye, wannan alheri ne, amma saba wa dabba irin wannan cewa inda mutum yake nan abinci yake, ban sakankance da shi ba. Abin da ya fi burge ni a tsibirin ma a tudu yake, tafkunan ruwan daɗi guda 2, Dhadimagi da Bandaara, da gonakin gwaza da mangwaro, abin da ba ka zata a tsakiyar teku.

Dokta: A ƙara da wannan, baƙar fata ma rana na ƙona ta, bayan wuya da bayan ƙafa musamman in kana kife a saman ruwa. Riga mai dogon hannu ta fi mai. Maganin jiri na jirgin ruwa a sha kafin a hau, in amai ya fara ya makara.

Injiniya Fatakwal: Da masu gashin baki, gemu ba matsala amma gashin baki na hana gilashin kama fuska ruwa ya yi ta tsiyaya ta ƙarƙashin hanci, a rage saman kaɗan. Kuma a ƙarƙashin ruwa ɗaga babban yatsa ba "lafiya lau" ba ne, ma'anarsa mu hau sama. Lafiya lau shi ne ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Sabon shiga in daɗi ya kama shi sai ya ɗaga yatsa malami ya fito da shi.

Hajiya Turai: Roƙona ɗaya, kar a taka murjani kar a taɓa, dabba ce mai rai ba dutse ba, kuma ta sha wuya, zafin ruwa na 1998 da na 2016 ya kashe mai yawa, za ku ga wurare fari fat ko sun zama kufai. Robobin ruwa da batura ku dawo da su cikin jaka, ƙananan tsibiran ba su da inda za su kai shara.

Abban Nana: Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya zan biyo ki ta bayan fage ki ba ni sunan masaukin Dharavandhoo. Injiniya makarantar nutso a can akwai ko sai Addu?

Injiniya Fatakwal: Akwai a Dharavandhoo ɗin. Ka ce su turo maka lambar rajistarsu ka duba a shafin PADI ko SSI, ka kuma tambaya mutum nawa malami ɗaya ke ɗauka, in sun wuce 4 nemi wata.

Ɗan Maraɗi: Kuɗin hannu fa, dala ko Yuro za mu riƙo?

Hajiya Turai: Dala, kuma sababbi, wadda ta yage ko aka yi wa rubutu ko hatimin 'yan canji ba sa karɓa, ku duba kowace takarda tun a Wapa. Ku canza kaɗan zuwa rufiya, kuɗin ƙasar, a filin jirgi saboda shayi da shago, ku ajiye rasit ɗin don da shi ake mayar muku da ragowar.

Maman Ilham: Ni dai kafin nan wa ya san inda mace ke koya wa mata iyo a Kaduna? Ranar mata zalla nake so